Jawabi a Ƙofar Lawan, Unguwar Yelwa, Garwa: Akwatin da ke Neman Lambar Sirri

Ranka ya daɗe Lawan, malamai, iyayenmu mata, da ku masu shagunan buga takarda.

Na ji abin da ake faɗa. Wai tunda muka zagaya muka taɓa kwamfutocinku, wani akwati yake fitowa yana neman lambar sirrin mai kwamfuta, wai mu muka dasa shi don mu leƙa cinikinku mu kai wa masu haraji. Jiya har wani bawan Allah ya ja ƙyauren shagonsa da ya hango mu. To ku saurara, don Allah.

Akwatin nan ya girmi aikinmu. Yana cikin Windows tun 2007. A da, duk wanda ya zauna gaban kwamfutarku a matsayin mai ita yake shiga, yaron shago ne ko baƙo. Akwatin kan fito ya ce "Oui" ko "Non", ku danna "Oui" ba ku karanta ba. Abin da muka yi kawai, mun raba wurin shigar maigida da na yara. Shi ya sa yanzu sai da lamba. Maigadi ne a bakin zaure yana tambayar wa ke sallama, ku kuma kuna fushi da shi maimakon ku leƙa ku ga baƙon.

Kuma in da leƙen asiri muka zo yi, za mu sa abin da zai riƙa neman izininku? Ku yi tunani mana. Ga doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010, ta laifukan intanet. Wanda ya kutsa kwamfutar wani ba izini, gidan yari ne, ko da ma'aikacin gwamnati ne. Ni da iyalina zan sayi wannan rigimar a kan kuɗin fotokofi?

Kusa da babbar kasuwa na tarar da wani Alhaji ya rantse mu ne. Na ce Alhaji, bari ya fito mu karanta tare. Ya fito, samansa ruwan ɗorawa, an rubuta "Éditeur : Inconnu", wato ba a san wanda ya ƙera shi ba. Na danna "Afficher plus de détails", ya nuna inda abin yake kwance: cikin wani wasan ƙwallo na sata da yaronsa ya kwaso a kile, wato filashi. Lambar sirrin kuwa tana rubuce a takarda, manne a gefen allo da salatif, kowa ya shigo ya gani. Yaron ya sunkuyar da kai, Alhaji ya nemi bulala.

Ba kullum ba ne ɓarna. A Rumde Ajiya wata baiwar Allah, nata yana fitowa duk safiya da ta kunna. Shuɗi ne, ga "Éditeur vérifié" da sunan kamfanin injin buga takardarta, manhajarsa ce ke son sabunta kanta. Ta ba shi izini, ya yi shiru. Amma mako guda tana kwana da fargaba saboda maganar da ta ji a gidan suna.

Na san za ku ce, "To da can ba ya damunmu." Gaskiya ne, bai dame ku ba, don kuna danna "Oui" kome ya wuce. Su waye suka zo suna kuka kile ya mai da takardun ɗalibai gajerun hanyoyi marasa buɗuwa? Ba ku ba ne? Haba jama'a.

In akwatin ya fito, tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: ni na taɓa wani abu yanzu? In kai ne kake sa manhaja, kuma sunan da ke akwatin nata ne, sa lambar. In kana zaune kawai ya faɗo maka, danna "Non". Babu abin da zai lalace. Ɗauki hotonsa da waya ka nuna mana. Mai dawowa a lokaci guda kullum, a "Planificateur de tâches" ake kama shi. Mai fitowa da an kunna, ku danna Ctrl, Shift da Esc tare, ku duba masu tashi da kwamfutar. Wannan sai mun zauna a shago, ba a tsaye ba.

Iyaye mata, ku ma ya shafe ku ta waya. In saƙo ya fito yana neman lambar Orange Money ko MoMo alhali ba ku sayi kome ba, wani ne ke son cire kuɗinku. Karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri. Wanda aka cuta ya kira hukumar ANTIC a 8202, kyauta ne.

La'asar ta kawo jiki. Ranka ya daɗe, roƙona a buɗe mana shagunan layin masallaci ranar Asabar, mai shago ya tsaya a kanmu yana kallon duk abin da muke dannawa, kuma shi zai buga lambarsa da hannunsa.