Wa Aka Biya Fansar?

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka bari in shiga magana.

Kowa a ɗakin nan ya san Markus 10:45 da ka, kuma ba zan maimaita muku darasin ajin baftisma ba. Rigimata da wasunku a kan tambaya ɗaya ce: da Almasihu ya ba da ransa fansa, wa ya karɓa?

Tun da garkuwa da mutane ta zama ruwan dare a dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari, wa'azinmu ya ɗauki launinta. Sai ka ji mai wa'azi yana cewa Shaiɗan ya kwashe mu zuwa daji, ya yanka farashi, Uba ya aika masa da jinin Ɗansa, aka sako mu. Jama'a su amsa da amin mai ƙarfi, domin a cikinsu akwai waɗanda suka sayar da gona suka kai kuɗi a buhu. Maganar tana taɓa zuciya, amma kuskure ce, kuma tsohuwa. Orijin na Iskandariya ya faɗi makamanciyarta a ƙarni na uku, Giregori na Nisa ya ƙara mata gishiri a na huɗu. Takwaransa na Naziyanzus ya yi tir da ita, ya ga abin kunya ne a ce ɗan fashi ya karɓi Allah kansa a matsayin ladan fashinsa. Anselm na Kantabari ya sake rushe ta a 1098. Mu ne muka tono ta.

Ku buɗe littafin Fitowa, domin a nan Littafi Mai Tsarki ya fara nuna mana yadda Allah yake fansa. A sura 6 ya yi alkawarin fansar Isra'ila daga bautar Masar. To, nawa aka biya Fir'auna? Ko anini. Shi ne ma ya riƙa neman a yi ciniki. A sura 8 ya ce su yi hadayarsu a cikin ƙasar, daga baya ya ce su tafi amma kada su yi nisa. A sura 10 ya ce maza kaɗai su tafi, da abin ya yi tsanani ya ce kowa ya tafi amma a bar dabbobi. Musa bai sassauta masa ko da kofaton akuya ba. Daren fita kuwa, a sura 12, Masarawa ne suka miƙa azurfa da zinariya da tufafi. Jinin ɗan ragon fa? Ba wanda ya kai shi fada. A dogaran ƙofa aka shafa shi, alama ce a gaban Ubangiji a daren hukuncinsa. Bulus ya kira Almasihu ɗan ragonmu na Ƙetarewa a 1 Korantiyawa 5, Ibraniyawa 9 kuma ta bayyana cewa ga Allah ya miƙa kansa. Bashin zunubi a gaban adalcin Allah yake. Abin da Shaiɗan ya samu a gicciye, in kun duba Kolosiyawa 2, kwance masa makamai da aka yi a bainar jama'a.

Za a kawo mini Littafin Firistoci 25, inda ɗan'uwa yake biyan wanda ya sayi danginsa. Na ji. Wannan mai saye ya mallaka ne bisa doka, Shaiɗan kuwa bai taɓa sayen kowa ba. Wasu kuma su ce mutanen ƙauye misali suke ganewa. Sun gane labarin Fir'auna sarai tun kafin a haifi yawancinmu.

Ɓarnar tana nan. Duk wanda ya taɓa kai kuɗi daji ya san mai garkuwa ba ya ƙoshi: ka kai kuɗin, ya ce saura babur da katin waya. Mai bi da aka koya wa cewa Shaiɗan aka biya, kullum yana zaman jiran kira na biyu. Nan ne fastoci masu ambulan suke shigowa. A ce wa gwauruwa la'anar kakanni ce ta hana 'yarta aure, ta shuka iri, ta sayi kwalbar man shafewa, ta dawo wata mai zuwa. Kakanninmu sun san murgu, kuɗin da bawa yake kai wa ubangidansa a kai a kai don a bar shi ya nema wa kansa. Mun mayar da 'yantattu masu biyan murgu, ga 1 Bitrus 1 a hannunmu, wadda ta kawar da azurfa da zinariya daga zancen, ta kuma ambaci abin da aka gāda daga kakanni cikin abubuwan da aka fanshe mu daga gare su.

Shawarwarina ba sababbi ba ne, majalisa ta sha jin su daga bakina. Makarantunmu na tauhidi su koyar da fansa daga Fitowa kafin ɗalibi ya taɓa Romawa. Gundumomi su hana sayar da mai, ruwa ko ƙyalle a harabar majami'a, a kuma hukunta faston da ya sa wa addu'a farashi kamar yadda ake hukunta wanda ya taɓa baiko. Kuɗin da ake kashewa a kan tarurrukan karya la'ana kuwa, a buɗe asusu da shi a hannun dattawa da zumuntar mata, don iyalan da suka rasa gonakinsu wajen karɓo 'yan'uwansu daga daji. Na miƙa wannan a rubuce ga sakataren taro, ina fata a wannan karon zai shiga ajanda.