Baƙo Ya Ci, Mai Masauki Ya Biya

Jawabin sujada da aka watsa ta rediyo
Karatu: Matiyu 2:13-15, Ibraniyawa 13:1-3

In akwai Littafi Mai Tsarki kusa da kai, buɗe wuraren nan biyu ka karanta tare da mutanen gidanka.

A wuri na fari Matiyu ya gaya mana yadda aka gargaɗi Yusufu cikin mafarki, ya tashi da dare ya ɗauki yaron nan Yesu da uwarsa Maryamu, suka gudu ƙasar Masar, suka zauna can har Hirudus ya mutu. A wuri na biyu, marubucin Ibraniyawa ya ɗaure abubuwa uku da igiya ɗaya: ƙaunar 'yan'uwa, da karɓar baƙi, da tunawa da waɗanda suke kurkuku ko suke shan wulakanci. Ya kuma tuna mana cewa akwai waɗanda suka shimfiɗa wa baƙi tabarma, ashe mala'iku ne suka sauka a gidansu.

Tambayarmu ta yau ƙarama ce, amma tana da nauyi. In baƙo ya sauka, ya ci, ya sha, ya huta, ya koma gida, wa ya biya? Matiyu bai faɗi sunan wanda ya ba Yusufu ɗaki a Masar ba, ko wadda ta ara wa Maryamu tukunya. Duk da haka dole akwai wanda ya yi.

Kwanakin baya Ubangiji ya ba mu zarafi, mu huɗu ma'aikatan ikkilisiya, muka je wani taro a birnin Alƙahira. Da aka tashi taro sai yini ɗaya ya rage mana kafin jirgi. Wani dattijo daga cikin Kibɗawa, wato Kiristocin Masar na asali, ya ce shi da ɗansa za su zaga da mu gari, da yamma kuma mu ci abinci a gidansa. Bari mu ba ku labarin yinin nan daki-daki, gama kowane zango yana da darasinsa.

Da safe muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari muka sauka a tashar Mar Girgis, a tsohuwar Alƙahira. Kafin mu sa hannu a aljihu, ɗan dattijon ya riga ya yanki tikiti shida. A nan ne majami'ar da suke kira Mu'allaƙa take, wato wadda aka rataya, domin an gina ta a bisa ƙofar wata tsohuwar ganuwar Romawa, sai an hau matakala kafin a shiga. Kusa da ita akwai majami'ar Abu Sarga. A ƙarƙashinta akwai wani ɗan ɗaki kamar kogo, inda bisa ga al'adar Kibɗawa Yusufu da Maryamu da yaron suka fake. Littafi Mai Tsarki bai ambaci wurin ba, amma tsayawa a bakin wannan ɗaki ya isa ya tuna wa mutum cewa Mai Ceton duniya ya taɓa zama ɗan gudun hijira a ƙasar Afirka.

Ikkilisiyar nan ba ta jiya ba ce. Ayyukan Manzanni 2 ya lissafa mutanen Masar cikin waɗanda suka ji bishara ranar Fentikos. Afolos, gwanin wa'azi, mutumin Iskandariya ne. Kibɗawa suna riƙe da cewa Markus ne ya kafa ikkilisiya a wannan birni na Iskandariya. Bishop na can, Atanasiyus, shi ne a wata wasiƙa ta shekarar 367 ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai kamar yadda suke a hannunmu yau. Suna kuma da nasu lissafin shekaru, wanda ya fara daga 284, shekarar da sarkin Roma Diyokiletiyan ya hau gadon mulki. Shi ne ya tsananta musu ƙwarai, don haka suke kiran lissafin nasu shekarun shahidai. Mu mun shiga kallo kyauta, muna ɗaukar hoto. Amma ƙofofin nan ba su kasance a buɗe har yau ba sai da waɗansu suka biya da jininsu. Dattijon ya janye hannun rigarsa ya nuna mana ƙaramin gicciye da aka zana a wuyan hannunsa na dama tun yana yaro. Ya ce, "'Yan'uwana, wannan ba ya wankuwa. Duk inda na miƙa hannu, an san ko ni wane ne."

Daga nan sai kasuwar Khan al-Khalili, wadda aka kafa wajen ƙarshen ƙarni na 14, dab da masallacin Azhar inda ɗalibai da yawa daga ƙasarmu suke karatu. Wanda ya san kasuwar Kurmi ta Kano zai gane irinta: lunguna ƙanana, rumfa na manne da rumfa, ga maƙeran tagulla, ga masu turare, ga masu kayan yaji. Muka tarar da buhunan zoɓo, su suna ce masa karkade. Kowannenmu na da saƙon tsaraba daga gida, wannan gyale, wancan turare, wani kuwa fitilar tagulla.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. A kasuwa muka ga gaskiyar wannan. Ɗayanmu ya ɗaga gyale ya tambayi kuɗi, mai rumfa ya dube shi sama da ƙasa ya yanka masa kuɗin baƙo. Sai dattijon ya matso ya gaishe shi da Larabci, ya tambayi lafiyar iyalinsa, ya ce, "Waɗannan baƙina ne." Mai rumfar Musulmi ne, sun kuwa san juna shekara da shekaru. Nan da nan aka kawo kujeru, aka aiko da shayi, kuɗin gyale ya sauko ƙasa da rabi. Gyalen bai sāke ba, mu ma ba mu sāke ba. Abin da ya sāke shi ne wani ɗan gari ya tsaya ya sa sunansa a kanmu. Mutuncin da ya yi shekaru yana tarawa a kasuwar nan, shi ya kashe dominmu.

Mai sauraro, ka ga hoton abin da Almasihu ya yi mana? Bulus ya tuna wa Afisawa a sura 2 cewa dā su bare ne, ba su da rabo cikin alkawaran Allah, amma jinin Almasihu ya jawo su kusa har suka zama 'yan gida. A gaban Allah ba mu da bakin ciniki. Ɗan ne ya tsaya ya ce, waɗannan nawa ne.

Da rana ta take muka ci abinci a wani ƙaramin shago. Abincin talakan Masar ne, sunansa koshari: shinkafa da taliya da ƙananan wake iri biyu, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa. Aka kawo ta'amiyya kuma, 'yar'uwar ƙosai ce, sai dai da wani irin babban wake ake yinta. Gurasarsu kuwa suna kiranta aish, ma'anar kalmar ita ce rai. Wanda ya karanta Yahaya 6 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Muka yi ta ja-in-ja a kan biyan kuɗi, dattijon ya riƙe hannun babbanmu ya ce, "Fasto, kada ka ba ni kunya a garinmu."

Da la'asar suka hau da mu dutsen Muƙaɗɗam. Hanyar ta ratsa unguwar masu kwashe shara, waɗanda ake kira Zabbalin, galibinsu Kirista ne. Su ne suke bi gida gida suna kwashe sharar birnin, su kawo ta ƙofar gidajensu su tsince roba da takarda da ƙarfe su sayar. Wari ya cika motar. Amma da muka kai sama sai ga wata babbar majami'a da aka sassaƙa cikin dutse, mai ɗaukar dubban mutane. Aikin bishara a unguwar ya soma ne a shekarun 1970. An sa wa wurin sunan Saminu majemi, wani tsarkaka na Masar da ya rayu a ƙarni na 10. Sunan ya tuna mana da takwaransa na Ayyukan Manzanni 9 da 10, majemin Yafa wanda ya sauki Bitrus kwanaki da yawa. Jima sana'a ce mai wari, wadda mutane suke ƙyama. Amma a bisa soron majemi ne Allah ya koya wa Bitrus kada ya kira kowane mutum mai ƙazanta.

Yanzu ga inda muke so ku kasa kunne sosai. Da magariba muka isa gidan dattijon, hawa na huɗu, ɗakuna biyu da falo. Uwargida ta shimfiɗa tebur: shinkafa, da miyar mulukiyya, wadda ba wata aba ba ce illa miyar lalo tamu ta gida, da kaji biyu. Ta ce, "Bismilla, 'ya'yana, ku ci." Muka fara ci, sai muka lura su mutanen gidan wake da gurasa kaɗai suke ɗauka. Babbanmu ya ce, "Mama, ku fa?" Ta yi murmushi ta ce suna cikin babban azumi. Azumin nan na gabanin Ista kwana 55 ne a wurinsu, ba nama, ba ƙwai, ba madara. In aka haɗa da azumin Laraba da Jumma'a da sauran lokatai, mai kiyayewa sosai yakan wuce kwana 200 a shekara. Ta tambaya tun da wuri, aka gaya mata ikkilisiyoyinmu ba su bin wannan tsari. Ba ta ɗora mana nata kaya ba. Ta je kasuwa ta sayi kajin da ba za ta ɗanɗana ba, a lokacin da kuɗin Masar ya yi ta faɗuwa tun daga 2022, nama ya zama sai wane da wane. Ku da kuka san yadda naira ta yi, kun san abin da kaza biyu take nufi a gidan ɗan fansho.

A bangon falon akwai hoton mutane 21 cikin tufafi launin ruwan goro. Su ne 'yan ƙwadagon da 'yan ta'adda suka yanka a bakin teku a Libiya, aka nuna wa duniya a watan Fabrairu 2015. Ashirin Kibɗawa ne, yawancinsu daga lardin Minya. Ɗaya baƙar fata ne kamarmu, Matthew Ayariga, mutumin Gana. Ikkilisiyar Kibɗawa ta lissafa shi cikin shahidanta tare da 'ya'yanta. A shekarar 2020 aka kawo gawarsa Masar, aka ajiye ta tare da na sauran a majami'ar da aka gina domin tunawa da su a ƙauyen Al-Awar. Dattijon ya sa yatsa a kan fuskarsa ya ce, "Wannan ɗan'uwanku ne, ya zama namu." A nan muka gane dalilin da ya sa Ibraniyawa 13 ya sa karɓar baƙi kafaɗa da kafaɗa da tunawa da masu shan tsanani. Wanda ya san zafin zama bare, shi ya fi saurin buɗe ƙofa.

To, 'yan'uwa, me za mu yi da wannan? Abu na fari, mu zama baƙi masu godiya. Kowannenmu ya taɓa ci daga tukunyar da bai hura wa wuta ba: kawun da ya riƙe ka kana makaranta, matar da ta ba ka ɗaki sa'ad da aka yi maka canjin wurin aiki, masu bisharar da suka fara kawo Maganar Allah ƙauyenku. Yaushe rabonka da ka je ka gaishe su? Zumunci a ƙafa yake.

Abu na biyu, lokaci ya yi da za mu tashi daga tabarmar baƙo mu koma wurin mai masauki. Ba sai ka je Masar ba. A majami'arku akwai gwauruwar da rikici ya koro daga ƙauyensu, tana zama a bencin baya, ba wanda ya san inda take kwana. Akwai ɗan bautar ƙasa da bai iya Hausa ba, ana yanka masa kuɗin baƙo a kasuwa kowace rana. Akwai wanda ya karɓi Almasihu danginsa suka rufe masa ƙofa. Wa zai tsaya ya ce, wannan baƙona ne? Kada ka ce sai ka sami babban gida. Mai masaukinmu ɗaki biyu gare shi. Kada kuma ka tambayi baƙo kabilarsa ko ɗarikarsa kafin ka ba shi ruwa. Ubangiji ya faɗa a Matiyu 25 cewa abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa, shi aka yi wa.

Abu na uku, ga kai da ba ka riga ka ba da gaskiya ba. An shirya maka tebur, an kuma biya kuɗin duka a kan gicciye. Ba abin da za ka ƙara. Naka shi ne ka tuba, ka shigo, ka zauna.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, mun gode maka domin Ɗanka wanda ya zama baƙo domin mu zama 'yan gida. Ka albarkaci 'yan'uwanmu na Masar, ka kiyaye su, ka ƙarfafa bangaskiyarsu. Ka tuna da dukan waɗanda aka kora daga gidajensu. Ka buɗe zukatanmu da ƙofofinmu da rumbunanmu, ka ba mu hannun da ba ya ƙidaya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mun sāke saduwa a wannan fili mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Alherin Allah ya kasance tare da ku duka.