Hukuncin Alƙali Ba Ya Halatta Haram

  

Wani ɗalibi ya aiko da tambaya, yana cewa ya ji a radiyo akwai ƙasashen da ake ɗaura wa namiji da namiji aure, ko mace da mace, kuma wai kotu ce ta ba da izni. Yana son ya san yadda aka yi, da abin da ya hau kanmu. Na so in tsallake wannan tambaya saboda nauyinta ga baki, ga shi kuma bakin mai azumi ne. Amma abin da yara ke gani a salula, in malamai suka yi shiru a kansa, wasu za su koya musu shi.

Ƙasar Holan ce ta fara, a 2001. A Afirka ta Kudu kotun tsarin mulki ta yanke hukunci a ƙarshen 2005, ta ba majalisa wa'adin shekara guda ta gyara doka, aka gyara a 2006. Faransa ta bi ta majalisa a 2013, zamanin shugaba Hollande, bayan dubban ɗaruruwan mutane sun fito titunan Paris suna cewa ba su yarda ba.

Labarin Amurka ya fi ba da darasi. A 1996 majalisarsu ta yi doka cewa aure a wurin gwamnatin tarayya shi ne na mace da namiji, shugaba Clinton ya sa hannu. A 2003 babbar kotun jihar Masacusets ta ce hana irin wancan aure ya saɓa wa tsarin mulkin jihar. A 2008 mutanen Kalifoniya suka jefa ƙuri'a suka hana shi, daga baya kotu ta rushe abin da suka zaɓa. A 2013 kotun ƙoli ta soke ginshiƙin dokar 1996. Sai ranar Juma'a 26 ga Yuni 2015, mu muna cikin azumi kamar yau, kotun ƙoli ta wajabta wa jihohi 50 duka su ɗaura. Wanda ƙarar ke ɗauke da sunansa, Jim Obergefell, mutumin jihar Ohayo, abin da ya nema shi ne a rubuta shi a matsayin abokin aure cikin takardar mutuwar wanda yake zaune da shi. Daga takarda guda aka sauya dokar ƙasa baki ɗaya.

Alƙalai tara suka zauna, biyar suka yarda, huɗu suka ƙi. Shugaban kotun kansa, Roberts, yana cikin waɗanda suka ƙi, yana ganin magana ce ta jama'a da ƙuri'arsu, ba ta alƙalai ba. To amma kada ku ɗauka alƙalan nan biyar ne suka juya ƙasa su kaɗai. Masu ƙidayar ra'ayi na Gallup sun samu a 1996 mutum 27 cikin 100 ne suka yarda da wannan aure. A 2015 sun kai 60. Shekara goma sha tara kacal, ya bayin Allah! Yaron da aka raɗa wa suna a farkonta bai ko yi aure ba a ƙarshenta. Zukata suka fara sauyawa, a gidaje da makarantu da finafinai, kotu ta zo daga baya ta buga hatimi.

Hukuncin addininmu a fili yake, babu saɓani tsakanin malamai. Aure ƙulli ne tsakanin namiji da mace, da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai, kamar yadda muka karanta a Risala tun muna yara. Abin da ya fita daga wannan ba aure ba ne a shari'a, kuma aikin haramun ne. A Muwaɗɗa da Buhari akwai hadisin Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, inda Manzon Allah ya faɗakar cewa wani ya fi wani iya tsara hujja, kuma wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya magana, yankin wuta aka yanko masa. Idan hukuncin da aka yanke a gaban Annabi bai halatta wa mai ƙarya abin da ba nasa ba, ina ga hukuncin wata kotu?

Sai dai akwai abin da ya fi damuna, kuma yana nan gidanmu. Duk lokacin da wannan magana ta taso, sai ka ga matasa sun ɗauki hoton ɗan wani, sun watsa a WhatsApp, wai ga ɗaya daga cikinsu. Hujjarsu? Tafiyarsa, ko muryarsa, ko ya kai shekara talatin bai yi aure ba. Na san gidan da uwa ta yi watanni ba ta fita biki ko suna saboda irin wannan, alhali babu wanda ya ga komai. Suratul Hujurat ta hana zato da bin diddigi. Suratun Nur ta sa bulala tamanin ga mai ƙazafi wanda bai kawo shaidu huɗu ba, ta kuma zubar da shaidarsa. Wanda ya tara mutane a doki wani, ko a kore shi daga unguwa, ya naɗa kansa alƙali ba tare da kowa ya naɗa shi ba, kuma jinin da ya zuba yana wuyansa. Wanda aka jarrabe shi da wannan sha'awa ya zo wurin malami a ɓoye, amana ce. A yi masa nasiha, a rufa masa asiri, ƙofar tuba ba a hannunmu take ba balle mu rufe.

Shi kuwa saurayin da bai yi aure ba, ku tambayi kanku nawa kuka yanka masa na lefe da kayan biki kafin ku ba shi ɗiyarku.

Lokaci ya ƙure, an kusa kiran magariba. Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga babin sadaki da walima. Allah ya shirye mu da zuriyarmu.