Ƙofar Kotu a Buɗe Take Ko a Rufe?

Yau za mu leƙa Amurka ne, mu duba wata tambaya da ta daɗe tana damun alƙalai: idan aka rufe ƙofar kotu ana shari'ar kisan kai, hukuncin ya lalace ke nan?

Tun 1791 tsarin mulkin ƙasar ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a yi masa shari'a a bainar jama'a. Dalili kuwa, mashaidi yakan ji nauyin yin ƙarya idan idon jama'a na kansa, alƙali ma yakan ƙara taka tsantsan. Amma fa akwai mashaidin da tsoron ramuwar gayya kan hana shi buɗe baki a gaban taro.

Saboda haka a 1984 Kotun Ƙoli ta gindaya sharuɗɗa 4. Sai da babban dalili za a rufe kotu. Kada rufewar ta wuce bukata. Alƙali ya fara neman wata dabara. Sannan ya rubuta hujjojinsa domin kotun ɗaukaka ƙara ta duba.

To, ga abin da ya faru da Kentel Weaver. Yana ɗan shekara 16 aka tuhume shi da harbe wani yaro ɗan shekara 15 a birnin Boston a 2003. Wani mashaidi ya ga saurayi yana gudu, hularsa ta faɗi, bincike kuma ya danganta hular da shi. Kwana 2 da aka yi ana zaɓen mutanen gari da za su yanke hukunci, ɗakin kotu ya cika, aka hana mahaifiyarsa shiga. Lauyansa bai yi ƙorafi ba. Aka yi masa ɗaurin rai da rai.

Da maganar ta kai Kotun Ƙoli a 2017, alƙalai 7 cikin 9 suka ƙi soke hukuncin. A ganin kotun, tun da ba a koka a kan lokaci ba, wajibi ne ya nuna cewa rufewar ta cuce shi, bai kuwa nuna ba. Sauran biyun suka ce an ɗora masa abin da ba ya yiwuwa, domin irin wannan ɓarna ba ta aunuwa.

Abin lura a nan shi ne, haƙƙin da lauya ya yi shiru a kansa a gaban alƙalin farko, da wuya a ƙwato shi a ɗaukaka ƙara.