Ikko, Tashar Jiragen Ruwa kuma Mahaifar Ƙungiyarmu



A aji mukan koya wa yara cewa Ikko ce babbar tashar jiragen ruwan ƙasar nan, daga nan sai mu rufe littafi. Ba safai muke ambaton waɗanda guminsu ya gina ta ba.

Turawan Ingila sun karɓe garin a 1861. Da layin dogo ya haɗa shi da Kano wajen 1912, gyaɗa da fatun Arewa suka riƙa gangarawa bakin teku, 'yan dako na sauke su buhu-buhu a ka. Waɗannan leburori da ma'aikatan reluwe ne suka ajiye aiki a watan Yunin 1945, da Michael Imoudu a gaba, saboda tsadar da yaƙi ya haddasa ta cinye albashinsu. Fiye da wata guda jiragen ƙasa na tsaye cik, kaya jibge a Apapa. Daga bisani gwamnati ta ƙara musu kuɗin tsadar rayuwa.

A garin nan kuma aka kafa ƙungiyarmu a 1931, shugabanta na farko shi ne Rabaran Israel Ransome-Kuti. Abin takaici, ɗalibanmu sun san kiɗan ɗansa Fela, amma da yawa daga cikinmu ko sunan uban ba mu riƙe ba.

Muna roƙon reshe ya amince mu shigar da 1931 da 1945 cikin darasin Ikko na zangon karatu mai zuwa.