Husufin Rana Na 2006 Da Bangaskiyar Ƙaramin Garke

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin ikkilisiyoyi a birnin Sakkwato

 

Karatunmu na yau daga Irmiya 10:1-2 ne, da Luka 23:44-46, da kuma Yakubu 1:17. Za mu dubi waɗannan ayoyi tare da wani abu da da yawa cikinmu muka gani da idanunmu, wato husufin rana na Laraba, 29 ga Maris 2006. Muna so mu tuna wa juna abin da ya kamata mai bi ya yi sa'ad da duhu ya sauko da rana tsaka.

Bari mu fara da tuna irin lokacin da ake ciki. Ranar 18 ga Fabrairu 2006 aka yi tarzoma a Maiduguri a kan zanen ɓatancin da aka buga a ƙasar Denmak. Aka ƙone majami'u da dama, aka kashe mutane, har da wani fada na Katolika. Bayan 'yan kwanaki aka yi ramuwar gayya a Anacha, inda 'yan Arewa masu neman abincinsu suka rasa rayukansu. A ƙarshen Maris ɗin ne kuma aka yi ƙidayar jama'a ta ƙasa, aka gama ta kwana biyu kafin husufin. Ba a kuma manta da Janairu 2001 ba, lokacin da aka yi husufin wata, wasu matasa a Maiduguri suka far wa otal-otal da gidajen giya, suna cewa zunubin masu zunubi ne ya jawo shi. Saboda haka gwamnati ta yi ta sanarwa a rediyo da talabijin cewa kada kowa ya firgita. Duk da haka, mu da muke 'yan kaɗan a gari, mun kwana da tambaya a zuciya: in gari ya yi duhu, wa za a ce ya jawo?

Da hantsi abin ya fara. A nan Sakkwato wata bai rufe rana gaba ɗaya ba, ya bar ɗan siririn gefe kamar lauje. Haske ya dusashe, zafin bazara ya lafa, a ƙarƙashin dogonyaro kuwa hasken da yake ratsowa ta tsakanin ganye ya zama ƙananan jinjirin wata birjik a ƙasa. Amma 'yan'uwanmu na Gusau, fiye da kilomita 200 daga nan, da na Katsina, da na Maraɗi, su suna cikin tsakiyar inuwar. Wajen ƙarfe 10 da rabi na safe rana ta ɓace musu ƙurmus. Gari ya yi kamar bayan magariba, gamzaki ya bayyana, kewaye da baƙin wata kuma aka ga wani farin haske kamar rawani. Duhun bai kai minti 4 ba, rana ta sāke ɓullowa. Maƙwabtanmu Musulmi suka yi sallar husufi, mu ma muka yi addu'a a gidajenmu da wuraren aikinmu, ranar ta wuce.

Yaya abin yake faruwa? Muna yara, in aka yi husufin wata, mukan ji ana cewa rana ta kama wata, yara su fito suna kaɗa gwangwani don a sake shi. Gaskiyar ita ce babu mai kama wani. Husufin rana yana faruwa ne in wata ya gitta daidai tsakanin rana da duniya, inuwarsa ta fāɗo a kanmu. Rana ta fi wata fāɗi wajen sau 400, amma ta fi shi nisa daga gare mu wajen sau 400 kuma, shi ya sa a idonmu suke kamar girmansu ɗaya. Inuwar 2006 ba ta kai kilomita 200 a fāɗi ba. Ta taso daga Barazil, ta haye teku, ta bi ta Gana, Togo da Binin, ta shigo Najeriya ta wajen Shaki, ta ratsa ƙasarmu cikin kimanin minti 16, ta wuce Nijar, Cadi, Libiya, Turkiyya, har Mongoliya. Masana taurari sun faɗi ranar da sa'ar shekaru da yawa kafin ta zo, ba su kuwa kuskure ba. Wannan bai rage wa Allah ɗaukaka ba ko kaɗan. Farawa sura 1 ta koya mana cewa shi ne ya sa manyan haskokin nan biyu domin su raba yini da dare, su kuma nuna lokatai. In mutum ya iya lissafin tafiyarsu, ai domin Mai Halitta ba ya sāɓa tsarinsa ne.

Daga nan muna so mu ɗauki darussa huɗu.

Na fari, rana ba ta mutu ba. A lokacin da Gusau take cikin duhu, Legas da Yola suna cikin haske, ita rana kuwa ba abin da ya taɓa ta. Ƙaramin abu ne na kusa ya tare babban abu na nesa. Hausawa sukan ce in rana ta fito tafin hannu ba ya rufe ta. Haka ne, amma in ka kawo tafin hannun kusa da idonka, kai ba za ka gan ta ba. Haka tsoro yake yi mana. Neman filin gina majami'a da aka yi shekaru ana bi, ɗa ya gama makaranta ba aiki, labarin an sace ɗan'uwa a hanya ana neman kuɗin fansa, waɗannan duka gaskiya ne, ba kuwa ƙanana ba ne a gare mu. Amma kusancinsu ne ya sa suke kamar sun kai Allah girma. Manzo Yakubu ya kira Allah Uban haskoki, ya kuma ce a gare shi babu sākewa irin ta inuwa. In mun daina ganin fuskarsa na ɗan lokaci, shi bai gusa ba.

Na biyu, kada mu nemi wanda za mu ɗora wa laifi. Mun san zafin a nuna mutum da yatsa a ce shi ne sanadin masifa. To, kada mu yi wa wasu abin da muke kuka da shi. Mun ji wasu cikinmu suna cewa, ai ga shi a shekarar husufin ne Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a hatsarin jirgin sama ranar 29 ga Oktoba 2006, ga shi kuma Zamfara da Katsina inda inuwar ta bi su ne 'yan bindiga suka addaba daga baya. 'Yan'uwa, wannan magana ba ta Littafi Mai Tsarki ba ce. Inuwar nan ta bi ta kan Gana, ta kan teku, da ta kan hamadar da babu kowa. Ta bakin annabi Irmiya Ubangiji ya hana jama'arsa razana da alamun sararin sama yadda al'ummai suke yi. A Luka sura 13, da aka kawo wa Yesu labarin waɗanda Bilatus ya kashe, ya tuna musu da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta fāɗa wa, ya ce kada a zaci sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, sai dai kowa ya tuba. Ko malaman maƙwabtanmu suna koyar da cewa an yi husufi a ranar da Ibrahim ɗan Annabin Musulunci ya rasu, mutane suka danganta abin da rasuwar, shi kuwa ya ce musu rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. In an sāke yin husufi, ga maganar da za mu iya zama a kai da maƙwabtanmu cikin girmama juna. Masifun da suka same mu daga hannun 'yan adam suka fito, daga zalunci da kwaɗayi da rashin adalci. Idan muka ɗora su a kan wata, mun wanke masu laifi ke nan.

Na uku, akwai abin da ba a gani sai cikin duhu. Wannan farin rawani na rana kullum yana nan, amma tsananin hasken ranar kanta yakan ɓoye shi. Sai wata ya rufe ta sarai ake iya ganinsa da ido. Mu a Sakkwato da aka bar mana ɗan gefen rana ba mu gan shi ba. Waɗanda duhu ya rufe gaba ɗaya su suka gani. Ba muna cewa wahala abu ne mai daɗi ba, ba kuma muna roƙonta. Waɗanda suke wannan gari a watan Mayu 2022, sa'ad da aka kashe 'yarmu ɗaliba, aka sa dokar hana fita, sun san ɗacin da babu kalmar da za ta kwatanta. Amma ku tambayi gwaurayen da suke cikinmu, da waɗanda suka baro ƙauyukansu suka zo suka raɓe a gari, za ku ji shaidar amincin Allah irin wadda mai zaman lafiya bai taɓa sani ba. A irin waɗannan ranaku ne ikkilisiyoyin da ba sa gaisawa suka san ƙofar juna. A ciki ne kuma wasunmu suka ga maƙwabci Musulmi ya buɗe musu gidansa. Gamzakin da ya bayyana a Gusau ma yana tuna mana cewa a Ru'ya ta Yohanna sura 22 Yesu ya kira kansa da sunan tauraron nan na asuba. Don haka, dattawa, in waɗanda suka fito daga tsakiyar inuwa suka zo majami'arku, kada ku tsaya ga ba su hatsi da tufafi kaɗai. Ku ba su wuri su yi magana, gama sun ga abin da ba mu gani ba.

Na huɗu, shi ne mafi girma: duhun ranar gicciye. Husufin 2006 ya zo cikin kwanakin azumi kafin Ista, saura kwana 16 a tuna da mutuwar Ubangiji ranar Jumma'a 14 ga Afrilu. Mutane da yawa suka ce, ashe irin wannan ne ya faru a Kalfari. A'a. An gicciye Yesu a lokacin Idin Ƙetarewa, wanda ake yi a tsakiyar wata sa'ad da ya cika, husufin rana kuwa ba ya yiwuwa sai a ƙarshen wata, kafin jinjiri ya tsaya. Tun a ƙarni na 3 wani marubuci Kirista mai suna Yuliyus Afrikanus ya kawo wannan hujja. Bugu da ƙari, duhun husufi komai tsawonsa ba ya wuce kimanin minti 7 da rabi, amma Matiyu da Markus da Luka duk sun shaida cewa duhun Kalfari ya kama daga ƙarfe 12 na rana har ƙarfe 3. Mu mun ga mintoci kaɗan gabanmu ya fāɗi. Ɗan Allah ya yi sa'a uku a ciki yana ɗauke da zunubin duniya, ya yi kukan wanda aka yashe, ya kuma miƙa ruhunsa a hannun Uba tun bai ga haske ba. A rana ta uku ya tashi. Saboda haka babu duhun da mai bi zai shiga wanda Ubangijinsa bai riga shi shiga ba. A nan ne bangaskiyarmu ta kafu.

To, me za mu yi? Husufi zai sāke zuwa. Ranar Litinin, 2 ga Agusta 2027, za a yi cikakken husufi a Maroko, Libiya, Masar da Saudiyya, inda duhu zai wuce minti 6 a wajen Luksor. Mu a nan gefen rana kaɗai za mu ga ya rufe. Ranar 20 ga Maris 2034 kuma inuwar za ta sāke ratsa Najeriya ta wajen Legas. Muna roƙon fastoci da malaman makarantar Lahadi su sanar da jama'a tun da wuri. Ku faɗa wa yara kada su dubi rana da ido, ko da baƙin tabarau na kasuwa, ko ta cikin ruwa a kwano, gama tana ƙone ido ba tare da an ji zafi ba. A huda ƙaramin rami a kwali, a juya wa rana baya, a dubi siffarta a ƙasa. In wani ya taso yana cewa an nuna masa ranar tashin duniya, ku buɗe masa Markus 13:32, inda Ubangiji ya ce sanin wannan rana na Uba ne kaɗai. Kada kowa ya sayar da gonarsa ko ya cire ɗansa daga makaranta don mafarkin wani. Ku kuma je ku gai da mai unguwa da limamin unguwarku kafin ranar, domin zumuncin da aka ƙulla da haske shi ne yake amfani in gari ya yi duhu.

Yesu ya kira almajiransa ƙaramin garke, ya ce kada su ji tsoro. Mu ne wannan garke a Sakkwato, a Gusau, a Birnin Kebbi, da ƙauyukan da ba a san sunansu ba. Komai nisan dare, gari zai waye.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, Mahaliccin rana da wata, ka riƙe mu sa'ad da ba mu gan ka ba. Ka ta'azantar da masu makoki, ka komo da waɗanda suke hannun 'yan bindiga, ka tsare bakinmu daga zargin maƙwabci. Ka ba shugabanninmu hikima da adalci, ka ba ƙasarmu salama. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.