Amsar Tambaya: Yaya Ake Auna Baƙin Rami?

Takardarmu ta yau daga wani mai awon hatsi ta fito. Ya ce ya ji wai masana sun auna nauyin baƙin rami a sama, shi kuwa bai yarda ba, tunda ko buhu sai an ɗora shi kan sikeli.

To malam, tambayarka da ma'ana. Shi baƙin rami gawar babban tauraro ne da ya dunƙule, ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuce masa. Wani lokaci biyu sukan riƙa kewaya juna suna matsowa, har su haɗe. Wannan kewaye yana girgiza sararin samaniya. Albert Einstein ya faɗi haka tun 1916, amma sai 2015 na'urar LIGO ta Amurka ta fara jin girgizar. Daga amonta ake gane nauyi, kamar yadda kake bambanta babbar ganga da kalangu ko ba ka ga makaɗin ba.

In nauyinsu ya yi kusa, amon kusan ɗaya ne. In kuwa ɗaya ya rinjayi ɗan'uwansa ƙwarai, babban ba ya motsi sosai, ƙaramin ke shan gudu, sai wata siririyar murya ta hau kan amon. Wannan muryar tana taimakawa a raba nauyin kowanne.

Ran 14 ga Agusta 2019, LIGO da Virgo ta Italiya suka ji irin wannan, daga nisan da haske ke yi wa tafiyar shekara wajen miliyan 800. Babban ya yi nauyin rana 23, ƙaramin 2.6, wato kamar mudu tara da mudu ɗaya. A nan fa gizo ke saƙa. Ƙaramin ya yi wa tauraron nutron nauyi, ya kuma yi wa baƙin ramin da aka saba gani sauƙi. An duba sama da manyan madubai, ba a ga ko ƙyalli ba. Har yau masana ba su daidaita a kan ko mene ne aka haɗiye ba, kuma ni dai na yaba da ba su yi mana ƙarya ba.

Turawa na shirin harba wata na'ura mai suna LISA wajen 2035, don sauraron ƙanana masu kewaya ƙattai irin na tsakiyar rukunin taurarinmu, mai nauyin rana miliyan 4.